Yadda Ake Rubuta Fim a Kan Marubucin da Ya Maƙale a Ƙasar Waje

Daga cikin nau'o'in fim, wanda ya fi ba marubuci wahala shi ne wanda rikicinsa ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Babu kishiyar da za a ɗora wa laifi, babu boka, babu ɗan sandan da zai ɓalle ƙofa, sai dai mutum zaune a ɗaki damuwa tana cin sa a hankali. Dalilin wahalar a fili yake, domin kyamara ba ta ɗaukar tunani. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma aikin mai rubuta irin wannan fim, daga shafin farko har na ƙarshe, shi ne ya mayar da abin da ke cikin zuciya ya zama abin da ido zai gani ko kunne zai ji. A wannan jagora zan bi matakan aikin da misali guda ɗaya, wato labarin wani marubucin littattafan Hausa da ya maƙale a birnin Alƙahira a shekarar 2020. Jarumin ni na ƙirƙire shi, kuma zan kira shi Habibu, amma garin da lokacin da abubuwan da suka faru a lokacin duk na gaske ne.

Mataki na farko: gano abin da ya riƙe shi

Tambayar farko da mai kallo zai yi ita ce, me ya hana mutumin nan komawa gida? Idan amsarka ita ce rashin kuɗi kawai, to fim ɗinka ya mutu tun kafin a kafa kyamara, saboda kowane Bahaushe ya san cewa Alhaji ɗaya mai tausayi zai iya sayen tikiti a gama magana. Dole ka ɗaure jarumin da igiya biyu, ɗaya a waje ɗaya a ciki, kuma ta cikin ta fi ƙarfi.

Igiyar waje tarihi ya riga ya ba mu ita. A ranar 19 ga Maris 2020 Masar ta dakatar da tashi da saukar jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa saboda annobar korona. Bayan kwana biyu aka rufe masallatai, sannan daga 25 ga wata aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. A ɓangaren Najeriya, zuwa 23 ga Maris an rufe dukkan filayen jirgi ga jiragen waje, ba a sake buɗe su ba sai a watan Satumba. Wanda wannan rufewa ta rutsa da shi a waje ba shi da hanya sai jiragen kwaso 'yan ƙasa, kuma galibi mutum shi ke biyan kuɗin kujerarsa.

Igiyar ciki kuwa kai za ka saƙa ta. Habibu ya tafi Alƙahira a ƙarshen Janairu, lokacin bikin baje kolin littattafai da ake yi a birnin kusan kowace shekara tun 1969, saboda wani mutum ya yi masa alkawarin fassara littafinsa zuwa Larabci a buga. Don wannan tafiya matarsa ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, shi kuma ya jinginar da filinsa. Ya faɗa wa 'yan majalisarsu, ya sa hoton tikitinsa a Facebook, marubuta 'yan uwansa suka yi ta yi masa fatan alheri, waɗansu har da hassada a ɓoye. Da ya isa, mai alkawarin ya karɓi kuɗi ya daina ɗaga waya. Bizarsa ta wata ɗaya ta ƙare a Fabrairu, lokacin da jirage ke tashi lafiya lau, amma bai koma ba, saboda ya kasa tunanin yadda zai shiga unguwarsu hannu Rabbana. Saboda haka ranar da aka rufe filin jirgi, abin da Habibu ya ji a ransa sauƙi ne, domin Allah ya kawo masa uzurin da zai rufa masa asiri. A nan fim ɗin yake. Idan ka samu wurin da bala'in da ya auka wa duniya ya zama wa jaruminka mafaka, ka samu labarin da zai riƙe mutane minti 90.

Mataki na biyu: rubuta labarin a jimla ɗaya

Kafin ka ci gaba, ka zauna ka matse labarin a jimla guda mai ɗauke da wane ne, me yake so, me ya tare shi, da abin da zai rasa. Tamu ga ta: marubucin da ya yi wa iyalinsa ƙaryar ya yi nasara a Masar ya samu mafaka a kullen annoba, amma ƙaryar da yake ginawa kullum a waya ta fara cinye hankalinsa, har ya kasa bambance abin da ya rubuta da abin da ya faru. Ka liƙa ta a bango inda kake aiki. Duk fitowar da ba ta yi wa wannan jimla hidima ba, komai daɗinta, cire ta za a yi.

Mataki na uku: bincike, musamman na kunne

Yawancin finafinanmu da ake cewa an tafi ƙasar waje, da zarar an nuna dogon gini da jirgi yana sauka an gama, sauran kuma a wani otal na Kano ko Abuja ake ɗauka, da soket mai ƙafa uku a bango yana tona asiri. A Masar soket mai rami biyu zagayayyu ake amfani da shi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa zai lura. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa mai kallo ya yarda ko ya yi tsaki.

Ba sai ka je Alƙahira ba, ko da yake zuwan ya fi. A Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram akwai ɗimbin mutanen da suka yi karatu a Jami'ar Azhar, waɗansu sun zauna a masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ake kira Madinatul Bu'us, waɗansu sun kama haya a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, inda 'yan Afirka suke da yawa. Ka nemi uku ko huɗu daga cikinsu, musamman waɗanda kullen ya same su a can, ka zauna da su da abin naɗar murya. Kada ka tambaye su yadda Masar take, domin za su ba ka labarin dala da kogin Nilu. Ka tambaye su me suke ci idan kuɗi ya kusa ƙarewa, wane ne ke karɓar kuɗin haya kuma da wane irin lafazi, me ake kiransu da shi a titi, me suke ji ta taga da asuba. Daga nan za ka samu ful, wato dafaffen wake, da gurasarsu da suke kira aish baladi, da koshari mai haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Za ka samu bawwab, mai gadin bene wanda ya san shigar kowa da fitarsa. Za ka samu kwandon da matan saman bene ke zurowa da igiya daga baranda mai shago ya sa musu kaya, da mai sayar da tukunyar gas da ke buga ƙarfe a jikinta yana wucewa, da yaran da ke kiran baƙar fata da “ya samara”. Ka tambaye su kuma yadda sha'anin tarar wuce wa'adin biza ya kasance a lokacin, da yadda ofishin jakadanci ya riƙa tattara sunayen masu son komawa, ka rubuta kamar yadda suka faɗa maka.

Sauti ɗaya daga wannan lokaci ya fi kowane bayani ƙarfi. Da aka rufe masallatai, ladanai sun ci gaba da kiran salla, amma suna ƙarawa da cewa a yi salla a gidaje. Musulmin da ya tashi yana jin ana kiransa zuwa masallaci sau biyar a rana, yanzu ladan da kansa ke ce masa ya zauna inda yake. Ka sa wannan kiran a fim ɗin sau uku ko huɗu, kowane karo ya tarar da Habibu a wani hali da ya fi na baya muni.

Ka riƙe kalanda a gefe. Alƙahira tana da sanyi a Janairu da Fabrairu, ga kuma zafi mai tsanani daga Mayu, don haka kayan jikin jarumi da bargonsa za su iya gaya wa mai kallo cewa watanni sun shuɗe ba tare da an rubuta a allo ba. Azumin shekarar ya kama a 24 ga Afrilu, kuma an hana teburan buɗa-baki na sadaka da aka saba shimfiɗawa a titunan birnin, wanda ke nufin abincin kyauta da mai yunwa ya sa rai da shi ya ɓace. A shekarar, agogon Masar yana gaba da na Najeriya da awa ɗaya.

Mataki na huɗu: gina ɗakin

Kashi bakwai ko takwas cikin goma na fim ɗin a ɗaki ɗaya zai faru, kuma wannan alheri ne ga aljihun furodusa, domin ana iya gina ɗakin a gida, ba sai an shiga neman izinin ɗaukar hoto a titunan Masar ba, abin da ke da tsada da ɗaukar lokaci. Amma ɗakin ya zama kamar ɗan wasa na biyu. Ka lissafa kayan cikinsa kafin ka rubuta fitowa ko ɗaya, kuma kada su wuce goma: katifa, akwati, tagar katako mai ƙyaure biyu, ƙaramin risho, waya mai tsagaggen gilashi, cajar da sai an lanƙwasa ta take aiki, ambulan ɗin kuɗi, kwalin kilishin da ya taho da shi tsaraba ga mai alkawarin, da rubutaccen littafinsa a cikin leda.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan ka ba shi tafiyarsa. Ambulan yana ramewa. Kilishin da ya rantse ba zai taɓa ba, tun da na baƙo ne, wata rana da daddare zai ɓare shi, kuma mai kallo zai gane cewa ya fid da rai ba tare da an furta ba. Mafi muhimmanci ita ce kusurwa guda da Habibu ke gyarawa tsaf, inda fentin bango bai ɓare ba, ya jera littattafai shida da ya saya a bikin baje koli. A nan kaɗai yake zama idan zai yi kiran bidiyo. Sauran ɗakin yana ƙara ƙazanta mako bayan mako, kusurwar nan kuwa kullum ƙal take.

Mataki na biyar: mutanen da ke matsa masa

Mutum shi kaɗai ba ya yin wasan kwaikwayo, sai an samu masu taɓa shi. Huɗu sun isa. A gida akwai matarsa, wadda ta san shi fiye da yadda yake zato, da mahaifiyarsa, wadda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce “kai” ko ta tambayi matarsa “ya kira kuwa?”. Wannan alkunya kayan aiki ce a hannunka, domin idan ka kiyaye ta tsawon fim, ranar da tsohuwar ta kira sunansa a saƙon murya babu wanda zai buƙaci bayani. A Alƙahira akwai bawwab, wanda ya fara da kiransa “ya ustaz” cikin girmamawa, girmamawar tana raguwa daidai da yadda bashin haya ke ƙaruwa. Sai wani ɗalibin Azhar ɗan shekara 22 daga ƙasar Haɗeja, wanda ya karanta littattafan Habibu tun yana sakandare, yana kiransa Malam, yana kawo masa tuwo a kula ranar Juma'a. Yaron nan shi ne mafi haɗari a wurin Habibu, saboda yana ganin girmansa kuma yana ganin ɗakin.

Kada ka sa mugu a cikinsu. Mai alkawarin ma ba sai an nuna fuskarsa ba, lambar waya ce da ke ta ringi babu amsa.

Mataki na shida: tsara yadda hankalinsa zai zame

A nan marubutanmu suka fi faɗuwa, kuma hanyoyin faɗuwar biyu ne. Ta farko ita ce a tashi da safe a ga jarumi ya yaga riga yana dariya shi kaɗai yana tsintar leda, wato mahaukacin da aka saba gani a wasan barkwanci. Ta biyu ita ce a ce aljanu ne, a kira mai ruƙiyya, hayaƙi ya tashi, a wuce wurin. Duka biyun suna ƙwace labarin daga hannun jarumi. Ciwon damuwa da kaɗaici ba haka suke zuwa ba, a hankali suke shiga kamar gara, kuma mai fama da su yakan iya gaisawa da mutane lafiya lau har zuwa ƙarshe. Ka nemi likita ko ma'aikacin jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke aiki a asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ka karanta masa abin da ka tsara, ka bar shi ya gaya maka inda ka yi ƙari.

Ka rubuta zamewar a matsayin matakala, kowace taka da aikin da za a gani. Da farko barci ne ke ƙaurace masa, yana ƙirga kuɗin ambulan sau uku a dare. Sannan ya fara barin waya tana ringi yana kallonta. Sannan salla ta fara kuɓuce masa, shi da bai taɓa haɗa Azahar da La'asar ba. Sannan ya kasa tuna ko yau Talata ce ko Alhamis. Kunya takan hana mu nuna jarumi yana sakaci da ibada, amma ga Bahaushe babu alamar da ta fi wannan nuna cewa mutum ya shiga wani hali.

Tun da jarumin marubuci ne, kana da wata ƙofa da ba kowa ke da ita ba. Habibu yana da zauren masu karatu a WhatsApp da ke biyan 'yan ɗaruruwa don samun ci gaban labari, kuma da su yake cin abinci. Ya fara rubuta musu sabon labari a kan wani marubuci da ya je Masar ya yi suna, ana gayyatarsa taro, ana ɗaukar hotonsa. Abin da ya rubuta da dare shi yake faɗa wa matarsa da safe. A hankali sai ya fara tarar da shafukansa an yi musu gyara da jan biro, an soke ƙarya an rubuta gaskiya a gefe, da hannun da yake ganin ba nasa ba ne. Ya zargi ɗalibin, ya zargi bawwab, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Doka ɗaya ce a nan, kada ka yaudari mai kallo. Tun a minti goma na farko ka nuna jan biron a cikin akwatinsa, daga baya ka nuna ɗigon jan tawada a gefen yatsansa yana cin gurasa, ba tare da kyamara ta tsaya a kai ba. Wanda ya sake kallon fim ɗin ya ga cewa amsar tana gabansa tun farko.

Game da muryar zuci, wato a ji jarumi yana magana bakinsa a rufe, shawarata ita ce ka haramta wa kanka ita a rubutun farko. Idan ka gama ka ga akwai wurin da ba makawa, ka yi amfani da ita wajen karanta labarin ƙaryar da yake rubutawa, murya tana cewa ya shiga babban zaure ana tafi, ido kuma yana ganinsa tsugune yana kankare ƙasan tukunya. Waiwaye zuwa Kano ma kada ya wuce biyu ko uku, kuma gajeru.

Mataki na bakwai: jera fitowa a kan kati

Ka sayi kwali ka yanka shi ƙanana, ko ka yi amfani da bayan tsofaffin katunan ɗaurin aure. Kowane kati fitowa ɗaya, abin da 'yan masana'anta ke kira sin, a rubuta wuri da abin da ya canza a cikinta. Fim mai minti 90 yakan ci kati 45 zuwa 60. Ka baza su a tabarma ka raba uku. Kashin farko, kamar minti 25, ya ƙare da rufe filin jirgi da murmushin da Habibu ya ɓoye. Kashi na biyu shi ne mafi tsawo, kuma yana buƙatar abin da zai karya shi a tsakiya. Tarihi ya sake ba mu: a tsakiyar Afrilu aka kulle Kano, kuma a makonnin da suka biyo baya aka yi ta rasa dattawa a birnin. Mahaifin Habibu ya rasu da safe, an kai shi kafin Azahar kamar yadda aka saba, ɗansa na fari yana karɓar gaisuwa ta waya a kusurwar nan mai tsabta, masu ta'aziyya suna cewa ai marigayin ya tafi yana alfahari da shi. Daga wannan rana uzurin ya daina zama mafaka. Kashi na uku ya fara lokacin da ɗalibin ya zo da labarin cewa ana rubuta sunayen masu komawa, kuma ɗalibai sun yi karo-karo sun haɗa masa kuɗin kujera.

Idan kati biyu a jere suna faɗin abu ɗaya, misali yana baƙin ciki sannan yana baƙin ciki a baranda, ka jefar da ɗaya.

Mataki na takwas: rubuta sikirif ɗin

Ƙa'idar da aka saba ita ce shafi ɗaya ya yi daidai da kimanin minti ɗaya, idan an rubuta da harafin Courier mai girman 12 a tsarin da aka sani. Manhajoji irin su Final Draft da Celtx da Fade In suna tsara shafin da kansu, amma ka gwada tun da wuri ko harafin da ka zaɓa yana fitar da ɓ da ɗ da ƙ, domin wani lokaci akwati yake nunawa a madadinsu. Kowace fitowa tana farawa da layin da ke faɗin ciki ne ko waje, da wuri, da lokaci. Bayanin aiki a rubuta abin da za a gani kawai. Kada ka rubuta “Habibu ya tuna da alkawarin da ya yi”, domin mai ɗaukar hoto ba shi da abin da zai ɗauka. Ga misali:

CIKI. ƊAKIN HABIBU. DARE.

Waya tana haske a kan katifa. Habibu ya zura babbar riga a kan gajeren wando, ya kafa hula, ya ture kwanon da ƙudaje ke bi da ƙafa, ya zauna a kusurwar littattafai. Ya amsa.

MATARSA: Abban Amira, ka rame.

HABIBU: Aiki ne. Mutanen nan ba sa wasa da lokaci.

MATARSA: Mai gidan nan ya sake aiko yaronsa.

HABIBU: Ki ce masa ƙarshen wata.

MATARSA: Haka na ce masa wancan watan.

Shiru. Ana jin mai gas yana buga ƙarfe a ƙasa.

MATARSA: Nuna mini littafin mana, ko bangon ne in gani.

HABIBU: Kina ji na? Layin ba shi da kyau.

Ya tsaya cak, baki a ɗan buɗe, ba ya ƙifta ido, kamar hoton ya daskare. Sakan biyar. Ita tana kallonsa. Labulen bayansa yana motsi. Ya kai yatsa a hankali ya kashe.

Ka lura babu wanda ya ambaci ƙarya ko kunya ko zargi, amma labulen da ya motsa ya gaya mana cewa ta gane, kuma ta zaɓi ta yi shiru. Haka Hausawa ke magana idan abu ya yi nauyi, a kewaye ake bi. Duk inda ɗan wasanka ya faɗi ainihin abin da ke ransa da cikakkiyar jimla, ka sake dubawa. Larabcin bawwab kuma ka ba wanda ya zauna a Masar ya gyara, saboda Larabcin titin Alƙahira daban yake da na littafi, kuma rashin fahimtar da Habibu zai yi masa, shi da ya yi Islamiyya yana ganin ya iya, wani ƙarin kaɗaici ne.

Mataki na tara: karatu da babbar murya, da zama da furodusa

Idan ka gama, ka ajiye shi mako biyu, sannan ka tara mutum biyar su karanta a zaune, kowa da nasa, kai kuma ka riƙe agogo da biro ba ka cewa komai. Inda suka fara duba waya, ka sa alama. Inda harshen mai karatu ya harɗe, jimlar ce ba ta zauna ba. Kafin ka miƙa wa kowa, ka yi rajistar aikin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, kuma duk yarjejeniyar da za ka yi da furodusa ta kasance a rubuce da shaidu. Ka tuna kuma cewa fim zai bi ta hannun hukumar tace finafinai, ta jihar Kano ko ta tarayya, don haka idan labarin ya kai ga jarumi yana tunanin halaka kansa, ka nuna nauyin halin ba tare da nuna hanya ba, wanda dama shi likitoci ke ba da shawara.

Na taɓa kai wa wani furodusa labari mai kama da wannan, ya karanta shafi goma ya ɗago ya tambaye ni ina za a sa waƙa. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ne, kuma ya san kasuwarsa. Idan aka matsa maka, akwai wuri ɗaya da waƙa za ta shiga ba ta ɓata komai ba, wato cikin labarin ƙaryar da Habibu ke rubutawa, inda komai ke ƙyalli fiye da kima. A yanke ta a tsakiyar baiti, a dawo ɗakin.

Mataki na ƙarshe: inda za a tsaya

Na bar wannan a ƙarshe saboda sai bayan karatun nan nake gane inda labari ya ƙare da gaske, kuma kusan kullum kafin inda na zata ne. Za a so ka nuna jirgi yana sauka, da 'yan uwa suna kuka, da littafin ya fito an yi bikin ƙaddamarwa. Ka koma ga matakin farko ka tambayi kanka wace igiya ce ta riƙe shi. Jirgi ta waje kawai yake kwancewa, kuma ɗalibai sun riga sun biya. Abin da ya rage a hannun Habibu shi kaɗai shi ne kira ɗaya.

Saboda haka fitowar ƙarshe ta koma daidai inda fitowar kiran bidiyon da na kawo misali ta kasance. Dare ne, waya tana haske, sai dai wannan karon shi ne ya kira. Bai sa babbar riga ba. Ya zauna a kusurwar, matarsa ta amsa, suka gaisa, ta tambayi aiki. Ya yi shiru, sannan ya miƙe ya juya wayar, ya bi ɗakin da ita a hankali daga katifa zuwa kwanuka zuwa tsumman ƙasan ƙofa zuwa shafukan da jan biro ya cika, har da yatsunsa. Ka rubuta wa darakta cewa a ɗauke ta a ɗauka ɗaya ba yanka, ba kiɗa, kuma kyamara ta tsaya a kan ƙaramar fuskar matar a cikin tsagaggen gilashin. Layin maganarta na ƙarshe ka rubuta guda uku daban-daban, ka ba 'yar wasan ta gwada dukkansu ranar ɗauka, har da na huɗu wanda ba ta ce komai ba, sannan ku zaɓa a ɗakin edita.